Gasar Waƙa a Talabijin: Wa Ya Buɗe Masa Ƙofa?

Tun da dish ya yi arha ya hau kan rufin kwano daga Marwa har Gaundare a nan arewacin Kamaru, gasar waƙa ta zama abin kallon dare a gidajenmu. Akwai ta Faransa, akwai ta Najeriya, akwai ta Larabawa wadda mutanen Kusiri da Injamena suka fi so, ga kuma ta Duwala da Yawunde. Duk sanda aka nuno wani saurayi ya buɗe baki murya ta ƙi, alƙalai suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya, sai gardama ta kaure a tsakar gida. Wasu su ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ba wanda ya sa masa igiya a wuya ya jawo shi. Wasu su ce wannan cin mutunci ne tsagwaronsa, ɗan mutane ne, yana da uwa yana da uba.

A ganina duka ɓangarorin biyu bakin alƙali suke kallo, alhali ba can ciwon yake ba. Wulaƙancin da ke cikin waɗannan shirye-shirye an gama ƙulla shi makonni kafin yaron ya tsaya gaban alƙali, kuma mu ne muke ƙarasa shi da wayoyinmu bayan an kashe talabijin.

Tsarin da yawancin gasannin nan suke bi daga Ingila ya fito. A 2001 Simon Fuller ya ƙirƙiro shirin Pop Idol, shekara na zagayowa aka kai shi Amurka da sunan American Idol, daga nan aka shiga sayar da lasisinsa ƙasa-ƙasa: Nouvelle Star a Faransa a 2003, Idols West Africa a 2007, Arab Idol a 2011. Abin da ake nuna wa mai kallo shi ne mutum ya shigo ɗaki kamar daga titi yake, ya tarar da alƙalai uku ko huɗu a zaune. Amma dubban mutanen da suka kwana a layi a filin wasa, ba waɗannan alƙalan ba ne suke saurarensu. Ƙananan ma'aikatan shirin ne suke fara tantancewa, a ba kowa 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya tsallake ya je gaban manyan furodusoshi. Kaɗan daga cikin kaɗan ne suke kaiwa ga alƙalan da muka sani, wani lokaci ma sai bayan makonni. A wannan tankaɗe da rairaya mutum iri biyu ake tsamowa, waɗanda suka fi kowa iyawa da waɗanda suka fi kowa kasawa. Mai matsakaiciyar murya, wanda shi ne mafi yawa a layin, tun a ƙofar farko ake sallamarsa, ya koma gida ba wanda ya san ya zo.

To ka auna zuciyar wanda Allah bai ba shi murya ba, amma aka ce masa ya wuce, aka sake ce masa ya wuce. Da idonsa ya ga an kori waɗanda suka fi shi. Me kake so ya ɗauka? Zai kira gida ya ce a taya shi da addu'a, abu ya fara kyau. Ƙarfin halin nan da muke gani muna tuntsira dariya, muna cewa "ji shi, ko kunya ba ya ji", masu shirin ne suka hura masa shi da gangan, domin faɗuwar wanda ya sakankance ta fi ta mai ɗari-ɗari daɗin kallo, kuma daɗin kallo shi ne yake kawo masu talla.

A farkon 2004 American Idol ya nuna wani ɗalibin injiniyanci mai suna William Hung, haifaffen Hong Kong. Ya yi waƙa yana rawa, murya da kiɗa kowa na tafiyarsa daban, alƙalai suka kasa riƙe dariya. Ya ce musu shi bai taɓa koyon waƙa a wurin kowa ba, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba ya kuma da-na-sani. Cikin 'yan watanni ya yi suna, har wani kamfani ya buga masa faifai. Masu kare shirin shi suke kawowa hujja, wai ai ya ci riba. Amma tun a lokacin Amurkawa 'yan asalin Asiya da yawa suka ce rabin dariyar ba ta waƙar ba ce, ta karin harshensa ce da kamanninsa. Sannan takardar yarjejeniyar da masu shiga wannan gasa suke sa wa hannu, wadda 'yan jarida suka bankaɗo tun 2002, ta faɗa ƙarara cewa masu shirin suna da damar nuna abin da zai kunyata mutum ko ya zubar masa da daraja, gaskiya ne ko ƙagagge, kuma ya amince ko da hakan zai sa jama'a su mai da shi abin ba'a. Wanda ya sa lauya ya rubuta masa wannan tun kafin a kunna kyamara ya san abin da ya shirya yi.

Nan ne maganar "shi ya kai kansa" take rushewa. Gaskiya ne ya kai kansa, amma gasar waƙa ya kai kansa. Ba a gaya masa cewa a takardar furodusa an riga an rubuta shi a layin masu ba da dariya ba. Yarda ba ta zama yarda sai mutum ya san abin da ya yarda da shi.

Sai dai ban tare da masu cewa duk alƙalin da ya faɗi magana mai ɗaci ya ci mutunci. Mu da muka taso muna zuwa musabaƙar Alƙur'ani mun san yadda hukunci a bainar jama'a yake. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai zauna gaban malamai, masallaci ko zaure cike, mahaifinsa na sahun gaba. Ya yi tuntuɓe a aya, a kaɗa ƙararrawa. Ya sake, a sake kaɗawa, a rage maki, kowa na ji. Wani yaron da hawaye yake sauka. Amma ban taɓa jin wanda ya kira wannan wulaƙanci ba, kuma dalilin a fili yake. Ba a zagaya makarantun allo a nemo wanda ya fi kowa rashin hadda a kawo shi don jama'a su sha dariya. Duk wanda ya hau kujerar nan ya cancanci hawanta, ma'aunin da za a auna shi ya san shi tun daga gida, kuma kuskurensa ake gyarawa, ba a taɓa tsayinsa ko haƙoransa ko garinsu. Alƙalin waƙa da ya ce wa yarinya "kin sauka daga kan kiɗa a baiti na biyu, numfashinki ba ya kai ki ƙarshen layi" ya yi mata alheri, ko da ta yi kuka. Wanda ya ce mata muryarta ta yi kama da ta wata dabba, ya juya yana duban 'yan kallo don su tafa masa, bai koya mata komai ba, kasuwar kansa yake ci.

Akwai ma laifinmu a nan, kuma ya kamata mu faɗa. Mu mutane ne masu kara. Yaro zai shiga situdiyo a Garwa ko Marwa ya biya 'yan jakunkunansa, mai situdiyo ya ɗora masa kiɗan fiyano, kwamfuta ta miƙe masa murya ta goge duk inda ya karkace. Mai situdiyo ba zai ce masa ba ka iya ba, kuɗinsa yake so. Abokai su ce "wallahi ka kashe su". Goggo ta ce Allah Ya yi albarka. Ba wanda zai iya kallon idonsa ya ce masa ɗan'uwa, ka fi kyau da rubuta baiti ka ba wani ya rera. A zamanin makaɗan gargajiya ba haka abin yake ba. Yaro yakan yi shekaru yana amshi a bayan ubangidansa, yana ɗaukar kayan kiɗa, ana kwaɓarsa, kafin a bar shi ya ja waƙa. Wanda ba zai iya ba tun a cikin gida yake sani, a gaban mutum biyar. Yanzu wannan matakin ya ɓace, sai ya zama mutum na farko da zai gaya wa yaro gaskiya baƙo ne, a wani harshe, a gaban ƙasa baki ɗaya. Karar da muka yi masa ita ta miƙa shi ga furodusa.

Wasu kan ce ai mu ma muna da al'adar ba'a, me ya sa ta talabijin za ta dame mu. Haka ne, ba mu rasa ba. Makaɗan fada sun yi zambo mai sa mutum ya bar gari, Shata bai raga wa wanda ya ɓata masa ba, 'yan gambara da 'yan kama da dariyar mutane suke cin abinci. A nan ƙasarmu Bafillatani da Babarbare ba sa haɗuwa a kasuwa su rabu ba su taɓa juna ba. Amma duba waɗanda ake yi wa. Zambon fada kan masu neman sarauta yake sauka, mutane masu ƙarfi da makaɗansu da za su rama musu. Wasan taubasai kuwa sharaɗinsa shi ne ramuwa: ka faɗa mini, in faɗa maka, mu tashi muna dariya tare, gobe ma haka. Ba'ar da aka hana wanda ake yi wa bakin ramawa, a al'adarmu sunanta cin fuska. Ɗan gasa ba shi da bakin ramawa. Ko ya ba da amsa mai ma'ana, almakashin yana hannun mai tace hoto. Shi zai zaɓi abin da zai fita, ya ɗauko fuskar wata 'yar kallo da ta yatsina a wani lokaci daban ya liƙa, ya sa kiɗan barkwanci a ƙarƙashi tun mutum bai buɗe baki ba, ta yadda kafin ka ji muryarsa an riga an gaya maka yadda za ka ɗauke shi.

Ko labarin da ake ba da shi a matsayin nasara, da ka tona za ka ga raini ne tubalinsa. A watan Afrilun 2009 wata mata 'yar Sikotilan mai shekara 47, Susan Boyle, ta hau dandamalin Britain's Got Talent. Ba ta da aiki, ba ta yi kwalliya ba. Kyamara ta bi fuskokin masu kallo suna harararta suna murmushin mugunta, alƙalai suna mata tambayar rainin wayo. Da ta fara waƙa wuri ya ɗauki sowa, duniya ta ce an koya wa masu raini darasi. Amma masu shirin sun riga sun ji muryarta a tantancewa, sun san abin da za ta yi. Sun bar rainin ya nuna ne don mamakin ya yi armashi. Kuma darasin da aka koyar mummuna ne, domin ma'anarsa ita ce ta tsira daga dariya saboda tana da murya, da ba ta da ita dariyar ta halatta. Bayan makonni bakwai 'yan jarida na bin ta kamar ƙudaje, ta zo ta biyu a wasan ƙarshe, washegari aka kwantar da ita a wani asibiti a Landan saboda gajiya da ruɗewa.

Shirin The Voice, wanda John de Mol ya fara a Holan a 2010, ya zo da gyara na gaske. Alƙalai suna juya baya, murya kaɗai suke ji, kuma ba a kawo wanda bai iya ba don a yi masa dariya. Wanda ba a juyo masa ba ana ba shi shawara a sallame shi da mutuncinsa. Da aka fara na ƙasashen Afirka masu Faransanci a tashar VoxAfrica a 2016, da Charlotte Dipanda tamu ta Kamaru da Lokua Kanza da A'salfo da Singuila a kan kujeru, mutane sun kalla sosai, Pamela Baketana ta Kwango ta lashe gasar ta shekarar farko, ba a kuma buƙaci a tozarta kowa ba. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata masu cewa idan babu abin dariya ba za a kalla ba. Amma a watan Janairun 2022 an dakatar da ainihin shirin na Holan bayan mata da dama da suka shiga gasar sun fito sun ce wasu manya a shirin sun yi amfani da matsayinsu sun neme su da lalata. Gyaran abin da kyamara take nunawa bai taɓa asalin matsalar ba: yaro ko yarinya mai buri a gefe guda, a ɗaya gefen mutanen da suke riƙe da ƙofa.

Duk wannan labarin wasu ƙasashe ne. Idan aka zo kan ɗan arewacin Kamaru, nauyin ninkuwa yake yi. Harkar kiɗa da manyan tashoshi suna Duwala da Yawunde. Yaron Marwa da ya kai matakin da za a kira shi kudu zai yini a mota kafin Gaundare, ya kwana a jirgin ƙasa kafin Yawunde, da kuɗin da aka harhaɗa masa, wataƙila har da na adashen uwarsa. Sananniyar gasar ƙasar nan, Mützig Star, sunan giya take ɗauke da shi, wanda hakan kaɗai ya sa gidaje da yawa na Musulmi ba za su bar ɗansu ya shiga ba, wanda ya shiga kuwa sau da yawa a ɓoye ne. Ya isa can, a yi masa tambaya da Faransancin Duwala mai gudu, ya amsa da nasa na makarantar firamare, kuma ya san sunayen da ake kiranmu da su a kudu, su "wajo" da "magida". Sannan ga ma'auni. Kunnen yawancin alƙalan nan a coci da makosa da waƙar Amurka ya horu. Muryar da muke ji mu ce ta yi zaƙi, siririya mai tashi sama tana bi ta hanci, irin wadda ta dace da goge da kukuma da garaya, su a kunnensu kuskure ce. Marigayi Ali Baba na Garwa da Isnebo sun nuna cewa kiɗan arewa yana iya cika zaure a kudu da ma ƙetare, amma su da makaɗansu da suka san hannunsu suka je. Ɗan gasa shi kaɗai yake zuwa.

Na ga wannan da idona a wata ƙaramar gasa da aka yi a wani fili a Garwa lokacin hutun makaranta, wani kamfani ya ɗauki nauyi, ana ɗauka don nunawa a talabijin. Wani yaro ɗan koyon ɗinki ya hau da riga mai aiki a wuya, da gani shi ya ɗinka abarsa. Mai gabatarwa ya tambaye shi abin da zai rera, ya ce waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa ce, da Hausa. Mai gabatarwar ya maimaita maganarsa yana kwaikwayon yadda ya furta Faransancin, fili ya ɗauki dariya, yaron ma ya yi murmushi don bai gane da shi ake ba. Ya fara waƙa, kuma wallahi yana da murya. Mai fiyano ya yi ta lalube bai gano inda zai kama shi ba, ya buga nan ya buga can, kiɗa da waƙa suka rabu, mai fiyano ya ɗaga hannu sama yana girgiza kai, aka sake fashewa. Ba a bar shi ya kai amshi na biyu ba. Da ya sauko, wansa da ke tsaye gefen dandamali ya kama hannunsa ya ce, "Taho mu tafi gida." Yaron ya ce, "Yaya, ba za mu jira sakamako ba?" Wan bai amsa ba, ya dai ja shi suka bi ta bayan lasifikoki. Kasawar ta mai fiyano ce, amma a abin da aka nuna daga baya ba a ga mai fiyano yana lalube ba, ɗaga hannunsa kawai aka gani.

Wannan namiji ke nan. Mace kuwa, ko ta ci ko ta faɗi, akwai wata kotun tana jiranta a unguwa. A wurinmu kunya ba ta mutum ɗaya ba ce. Yarinya ta fito a talabijin, ba a cewa wance ta yi waƙa, cewa ake 'yar gidan Malam wane ce, ƙanwar matar wane. Maganar tana iya kaiwa ga gidan da suka kawo kuɗin gaisuwa. Ba mu kaɗai ba ne. A gasar Afghan Star ta Afganistan a 2008, wata budurwa daga Herat mai suna Setara ta ɗan taka rawa a waƙarta ta bankwana, mayafinta ya zame, aka shiga yi mata barazanar kisa. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa. A irin wannan hali ba daga bakin alƙalai ciwon yake fitowa ba. Amma furodusan da ya san daga inda yarinya ta fito, ya kuma matsa mata ta cire mayafi ko ta sa kayan da shi ya zaɓa ko ta yi rawa don "ta saki jiki", ya san abin da zai biyo baya, kuma ba shi zai koma unguwar Lopere ko Domayo ya zauna da shi ba.

Da can abin da aka nuna a talabijin daren nan yake wucewa, wanda bai gani ba sai labari. Yanzu kafin gari ya waye an yanko daƙiƙa talatin mafi muni, an ɗora a TikTok, an watsa a WhatsApp, an mai da fuskar mutum sitika. Shekara biyar bayan haka ya je neman aure ko neman aiki, wani ya tono. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Furodusa don mu yake yanka, ya san abin da muke turawa. Wata safiya a teburin mai shayi wani ɗan kilando ya riƙa zagayawa da wayarsa yana nuna bidiyon wata yarinya da muryarta ta sarƙe a tsakiyar waƙa ta fashe da kuka. Da ya miƙa wa wani dattijo da ke karin kumallo, dattijon ya kalla har ƙarshe, ya mayar masa, ya ce, "Ɗan nan, da ƙanwarka ce za ka nuna mini?" Ya ce, "Baba, ai ita ta kai kanta." Dattijon ya ce, "Can ta kai kanta. Nan kai ka kawo ta." Saurayin ya sa wayar a aljihu, amma kafin nan ya riga ya tura wa zauruka biyu ko uku.

Ban ce a daina gasa ba, kuma ba zan ce ba. Yaron da ba shi da uba a harkar kiɗa, ba shi da kuɗin bidiyo, wannan ƙofa tana cikin 'yan kaɗan da suke buɗe masa. Timi Dakolo daga Idols West Africa ya fito a 2007, Chidinma daga Project Fame a 2010, Mercy Chinwo daga Nigerian Idol a 2012. Da Mohammed Assaf, yaron sansanin 'yan gudun hijira na Khan Yunis, ya ci Arab Idol a 2013, Falasɗinawa sun kwana a titi suna murna, mutanen da duniya ta saba gani cikin kuka aka gan su da wata fuskar. Mounira Mitchala ta Chadi ta ci kyautar Découvertes ta gidan rediyon RFI a 2007, gasar da ake sauraren aikin mawaƙi a zaɓa ba tare da an baje kolin waɗanda suka kasa ba. Faɗuwa a gasa ba abin kunya ba ne, kowace gasa mutum ɗaya ne yake ci.

Ƙasashen da suka ƙirƙiro abin ma sun fara ja da baya. Da American Idol ya koma tashar ABC a 2018, shugabar masu shirya shi ta faɗa a fili cewa sun daina kawo mutanen da ake shakkar lafiyar hankalinsu don a yi musu dariya. A Ingila, bayan mutuwar wasu da suka fito a shirye-shiryen talabijin na irin wannan a 2018 da 2019, hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen watsa labarai ta kafa ƙa'ida daga Afrilun 2021 cewa dole tasha ta kula da lafiyar wanda ta sa a shiri, ta kuma sanar da shi haɗarin da ke ciki kafin ya yarda. A Faransa tun 2009 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa waɗanda suka fito a wani shirin tashar TF1 ma'aikata ne, aiki suka yi, haƙƙin ma'aikaci ya hau kan kamfanin. Hukuncin nan ya taɓo abin da ba a son faɗa: alƙali ana biyansa, mai gabatarwa ana biyansa, tasha ta karɓi kuɗin talla, kamfanin waya ya karɓi kuɗin saƙon ƙuri'a, wanda aka yi wa dariyar da ta tara jama'ar kuwa ko kuɗin motar komawa gida ba lallai ya samu ba.

Mu a nan muna da hukumomin da aikinsu ke nan, CNC a Kamaru da HAMA a Chadi, kuma mutuncin yaron da aka ɗora a dandamali bai kamata ya gaza rigimar 'yan siyasa muhimmanci a wurinsu ba. Amma tun kafin su motsa, masu shirya ƙananan gasanni a Garwa da Marwa da Gaundare da Injamena suna iya yin abin da ba ya cin ko dala. A yi tantancewar farko a ɗaki a rufe, ba kyamara, wanda bai kai ba a gaya masa gaskiya a can a sallame shi. A sa aƙalla mutum ɗaya a cikin alƙalai wanda kunnensa ya san kiɗan arewa, a kuma bar mai waƙar Hausa ko Fillanci ya zo da mai kalangunsa ko mai garayarsa maimakon a haɗa shi da fiyanon da bai san shi ba. Yaron da bai kai shekara goma sha takwas ba kada a ɗauke shi sai da waliyyinsa a wurin. Takardar yarjejeniya kuwa, wadda ake miƙo wa mutane da Faransancin lauyoyi a bakin ƙofa ana cewa su yi sauri layi na jira, a karanta wa kowa ita da baki da Hausa ko Fillanci ko Larabcin Chadi, har da wurin da ya ce za a iya yanka hotonsa a watsa a intanet, sannan a tambaye shi ko har yanzu yana so ya sa hannu.